Tasha Ta Ɗaya a Ɗakin Hajiya Yalwa

Ku yaran yanzu masu haɗa wa mutane tasha, kuna cewa aikin nan ba wani aiki ba ne. A kwafo adireshi, a liƙa a akwati, hoto ya fito, a wanke hannu a tafi teburin mai shayi. Na ji ku, kuma ba zan yi musu da ku ba. Sunana Sabo. A Gumel ana ce mini Sabo Mai-dish, ko da yake rabona da ɗaura dish an kwana biyu. Ban yi boko ba. Labarin gida ɗaya zan ba ku, a Maigatari, inda na haɗa wa wata tsohuwa tasha don ta riƙa ganin ƙanenta da ke ƙetaren iyaka. Ganin nan shi ne duk abin da take nema, kuma a hannuna aka sa shi. Amma ku fara jin inda na fito.

Aikin farko da aka ba ni a shagon Malam Ilu mai gyaran rediyo shi ne riƙe tsani. Wata shida ban yi komai ba sai wannan. Lokacin manyan dish ne masu raga, waɗanda sai ƙarti huɗu suke ɗagawa. Daga tsani aka ƙara mini girma, aka zaunar da ni gaban talabijin. Malam Ilu yana bisa yana juyawa, ni ina ƙasa ina cewa ya zo, ya tafi, ya zo. Da ya ga ban cika surutu ba sai ya fara tura ni sama. Rufin kwano da bazara yana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Ka juya dish da kaurin farce, ka tsaya, ka jira, ka sake. In ka ɗaure noti ɗaya har ƙarshe saitin ya gudu, sai dai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kaɗan kaɗan. Kayan aikina duka a tsohon buhun shinkafa suke: sifana biyu, filaya, sukundireba, testa, wuƙa, da robar tayar keke ta ɗaure waya. Malam Ilu bai taɓa ce mini na iya ba. Ranar da na sauko bai hau ya duba ba, ranar na san an yaye ni.

Shekaru na yi a kan rufin mutane, daga Gumel zuwa Gagarawa, daga Sule Tankarkar zuwa bakin iyaka. Sai wayar hannu ta zo ta cinye kasuwar. Abin da mutane ke son gani ya bar sama ya koma cikin waya. Wa'azi ne, ɗaurin aure ne, ƙwallo ne, wani yana can nesa riƙe da waya yana watsawa kai tsaye. Amma tsoho ba ya iya ƙura wa tafin hannu ido na awa guda, kuma gida mai ɗaki shida ba ya taruwa a kan waya ɗaya. Masu hali suka fara neman a kawo musu abin cikin talabijin. Na je Kano wajen wani mai irin wannan haɗi, na yi sati uku a tsaye bayan kujerarsa. Turanci ban iya ba. Wuri na haddace: layi na uku, gida na biyu, a danna na dama. Kore lafiya, ja matsala. Lamba kuwa na iya ta tun a shago.

Akwatin ƙaramar kwamfuta ce, ba ta kai bulo ba. A cikinta akwai ma'ajiya, ni rumbu nake ce mata. Gefe kuma ga rauta mai layin waya, ita ce ke jawo sabis. Kai ka ba akwatin adireshin inda ake watsa abin, shi ya je ya ɗauko, ya raba wa talabijin ɗin gidan kamar tasha mai lamba. In ka so, ya kuma zuba kwafi a rumbu. A baki ke nan. A hannu kuwa, adireshi yana mutuwa ba sallama, sabis yana gudu, zafi yana kashe akwati. A Gagarawa Tasha wata uwargida ta lulluɓe mini sabon akwati da leshi don kada ya yi datti, kwana uku ya ƙone.

Aikin Maigatari ranar Alhamis ya same ni, ranar kasuwa. Alhaji Tasi'u mai sayen riɗi da zoɓo ya aiko a kira ni. Ya ce ba don kansa ba ne, don mahaifiyarsa ne, Hajiya Yalwa. Asalinta wani gari ne a Nijar, bayan Dungas, aure ya kawo ta Maigatari. Ƙugunta ya lalace, ko tsakar gida sai an riƙe ta. Duk 'yan ɗakinsu sun rasu sai ƙanenta ɗaya, Malam Isufu, wanda ita ta goya bayan rasuwar uwarsu. Malam ne a garinsu. Kowace Juma'a bayan la'asar yana zama a zaurensa ya ba da karatu, babban ɗansa Mamman, tela, ya kafa waya ya watsa. An gwada nuna mata a waya, ta ce fuskar Isufu ta koma ƙwayar wake, a ɗauke mata.

Kwana biyu na yi a gidan. A Maigatari layi ba shi da amana. Ka juya baya, rauta ta saki sabis ɗin gida ta kama na Nijar, wanda suke ce wa rezo, komai ya tsaya. Sai da na kulle ta a kan layi ɗaya, na haɗa bututu biyu na ɗaga eriya sama da rufi, fuskarta kudu. Akwatin na ajiye a falon Alhaji, bisa bulo biyu, nesa da bango don ya sha iska. Wayar da ta tafi ɗakin Hajiya a cikin bututu na binne ta, saboda gara da ɓera. Na ware wa akwatin batirin sola nasa shi kaɗai. Sannan na ɗauki rimot na liƙe duk maɓallan da salatif, na bar biyu: na kunnawa, da lamba ɗaya.

Juma'ar farko aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofarta. Ta danna ɗaya da kanta. Sai ga tsoho siriri, farar riga, farin rawani, ya jingina da bangon ƙasa, littafi a cinya. Ya yi sallama, ta amsa da ƙarfi. Ta ƙura masa ido. Can ta ce ya rame, matar nan tasa ba ta ba shi abinci. Sannan ta juyo wajena.

"Kai mai hawa rufin mutane, shi yana ganina?"

Na ce a'a, Hajiya, ke kaɗai ke ganinsa.

"Gara haka. Ban ɗaura ɗankwalin kirki ba."

Kunnenta ya yi nauyi, ba duk karatun take ji ba. Fuskar take kallo. Daga yadda ya zauna take gane ko ya yi barci, daga yadda ya ɗaga littafi take gane ko ciwon kafaɗar nan tasa ya motsa. Na saita akwatin ya riƙa ajiye kowane zama a rumbu, na tafi. Kusan shekara abin yana tafiya.

Sai shekarar da aka rufe iyaka ta zo. Ba sai na gaya muku ba, kun gani. Kasuwar Maigatari ta kwanta, man fetur ya tashi. Sabon aiki ya ɗauke ɗif. Abin da ya rage sai tsohon aiki, kuma al'adarmu ita ce wanda ya haɗa shi ke zuwa in abu ya tsaya, da babur ɗinsa da mansa. Tashar Hajiya kuwa ta fara yawan mutuwa. Yau babu kuran, wato wutar lantarki, a garin su Mamman, wayarsa ba caji. Gobe rezo ya ɗauke. Jibi ya je ɗaurin aure. Duk lokacin da allo ya yi baƙi sai wayata ta yi ƙara: "Injiniya, tashar Inna ta mutu." Haka Alhaji yake kirana, rabi girmamawa rabi tsokana. In ce masa matsalar daga can take, ya ce dai in zo in duba, Inna ta hana kowa sakat. In taso daga Gumel, in duba, in tarar nawa lafiya lau, in koma.

Ba gidansa kaɗai ba ne. Akwai wani ƙauye a Sule Tankarkar da na haɗa wa wani dattijo wa'azin wani malami na Kano. Ya kira ni ya ce tasha ta mutu. Na shiga yashi har gindin inji, na isa, na tarar malamin ne ya yi tafiya, babu abin da ake watsawa. A dawowa mai ya ƙare. Da ƙafa na turo babur har bakin titi, rana a tsaka. Shekaruna sun wuce na turin babur a yashi.

A satin ne na tuna wani gida a layi na bakwai, wanda mutumin Kano ya taɓa nuna mini. In ka sa masa alama, akwatin yana fara neman na kai tsaye. In bai samu ba, ba ya barin allo baƙi, sai ya shiga rumbu ya ɗauko tsoho ɗaya ya saka. Babu rubutu, babu wata shaida a allo. Na bi gidajen da na haɗa ɗaya bayan ɗaya na sa alamar. Ban gaya wa kowa ba. In na faɗa, za su ce ba shi suka saya ba, su ci gaba da kira. A gidan Alhaji Tasi'u abin ya fi ko'ina zama daidai, don Malam Isufu kullum wuri ɗaya yake zama, bango ɗaya, farar riga, farin rawani. Na bara da na yau ba ka raba su. Wayata ta yi shiru. Na huta.

Wata Alhamis na shiga kasuwar Maigatari neman kan waya, na ci karo da Alhaji zaune a kan buhunan zoɓo, babu mai saye. Muka gaisa. Ya ce ai Kawu Isufu ba ya jin daɗi, wani ɗan acaɓa ne ya kawo labari kwanaki. Inna ta tayar da hankali ta ce sai an kai ta. To mota ba ta wucewa ta ƙofar iyaka, sai hanyar daji, yashi ne zalla, mai irin ƙugunta sai dai a kwantar da ita a amalanke yini guda. Suka kira Mamman, ya ce da sauƙi. Kun san wannan amsar. Mutum yana kan gargara ma ita ake bayarwa, shi ya sa Inna ba ta yarda ba. Amma da Juma'a ta zo ta danna ɗaya, sai ga shi zaune daram yana karatu, murya tar. Juma'a ta gaba ma haka. Ita da bakinta ta ce a bar tafiyar sai hanya ta buɗe.

"Aikinka ya hutar da mu, Injiniya," in ji shi.

Na ce Allah ya ƙara sauƙi.

Na san akwai abin dubawa. Daga inda muke zuwa gidansa ba ya buƙatar babur. Amma akwai direban da zai rage mini hanya zuwa Gagarawa, ya riga ya tayar da mota, kuma can wani gyara yana jirana. Na ce a raina mai yiwuwa ne ya samu sauƙin da gaske, mutum yakan yi ciwo ya kuma zauna karatu. Na ce zan leƙo cikin sati. Cikin satin sarƙar babur ta tsinke, na yi kwana biyu ina nema. Ban koma Maigatari ba sai Juma'a ta sama, kwana takwas.

Na isa ana fitowa daga la'asar. Alhaji yana zaure da baƙi, ya ce in shiga. Na wuce falo. Daga ɗakin Hajiya ina jiyo muryar Malam Isufu ta taga. Na tsuguna gaban rauta. In ana jawo abu daga nesa fitilarta ƙiftawa take yi ba tsayawa. Wannan a tsaye take. Na ɗora tafin hannu a kan akwatin, na ji rumbu yana gurnani. Na kama wayar da ta haɗa rauta da akwati na zare ta gaba ɗaya, na riƙe bakinta a hannu. Malam Isufu ya ci gaba da karatu.

Na buɗe jerin abin da ke rumbu, na bi lambobin da yatsa har ƙasa. Rabon da sabon zama ya shigo, Juma'a biyar ke nan har da ta ranar.

Na jira baƙin suka tashi, na gaya wa Alhaji. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce wanda Inna take gani tsohon karatu ne, ni na sa akwatin ya riƙa yin haka, kuma ban faɗa ba. Ya dube ni kamar bai gane Hausa ba. Sannan ya ciro waya ya kira Mamman. Sai da ya kira sau uku ta shiga. Wannan karon bai ce yaya jiki ba. Ya ce, yaushe rabon Kawu da zaman karatu? Ina jin muryar Mamman ƙasa-ƙasa. Ya ce Malam ya fi wata a kwance, ko zama ba ya yi, ruwa ma da cokali ake ba shi. Ya ce ba su so su ɗaga wa Gwaggo hankali ba ne, ga yadda hanya take, ga jikinta.

Alhaji ya kashe waya ya zauna. Ya ce in mayar da wayar da na zare yadda take in kama hanya. Shi zai je gobe ya gano Kawu, Inna kuwa a bar ta da tasharta, in ta ji wannan ba za ta kwana a gidan ba, kuma hanyar nan kashe ta za ta yi.

Na ce, "Alhaji, ni na sa abin, ni zan cire. In ta tambaye ni kuma zan faɗa."

"Kai da ka ɓata, kai ne kuma za ka tsara mini gidana?"

Na ce ban isa ba. Amma akwatin ba zai ƙara nuna mata mutum a zaune alhali yana kwance ba. Ya faɗi maganganu, wasu na cancanta, wasu ban cancanta ba. Na bar shi yana yi, na koma falo, layi na bakwai, na cire alamar. Muryar ta yanke a tsakiyar kalma.

Ba a jima ba na ji ta daga ciki tana tambaya ko mai hawa rufin nan ne ya zo yana taɓe-taɓe. Na yi sallama na tsuguna a bakin ƙofa. Alhaji ya biyo ni ya tsaya a bayana. Kafin in buɗe baki ta ce dama tana nemana. Ta ce Isufu ya fara ruɗewa, babin taimama sau biyu ke nan yana karanta shi cikin wata ɗaya, har tarin da ya yi a tsakiya wancan karon ya sake yi.

Na ce, "Hajiya, ba na yau ba ne. Tsoho ne. Na sa akwatin in sabo bai zo ba ya ɗauko tsoho. Juma'a biyar ke nan sabo bai zo ba."

Ta kalli allon. Baƙi ne, babu komai sai inuwarta. Ta ajiye rimot a gefen katifa. Ba ta kalle ni ba, ba ta kuma kira sunan ɗanta ba, don ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. Ta ce, "Wancan, an kira su?" Ya ce an kira. Ta ce me suka ce. Ya faɗa mata, ya rage wani abu. Sannan ya fara kawo maganar yashi da rana da ƙugunta.

"Ban tambaye ka hanya ba. A nemo amalanke."

Da asubar Asabar suka tashi. Ba a gayyace ni ba, a bakin maƙwabta na ji. An shimfiɗa katifa biyu a amalanken shanu, aka kafa mata rumfa da zani, wata jikarta matar aure ta zauna ta riƙe mata kai. Alhaji yana biye a babur, yana tafiya yana tsayawa. An ce sau huɗu aka sauke ta a gindin bishiya, kuma ba ta yi ko uhum ba har suka isa, gab da magariba.

Ni kuma na ɗauki buhuna na bi gidajen da na sa wa alamar. Kwana tara na yi ina zagaye. Kowane gida sai na faɗi abin da na yi kafin in cire. Dattijon Sule Tankarkar dariya ya yi, ya ce shi ya sa yake ta jin malamin nan yana faɗa a kan masu tauye mudu, ya zaci da shi ake. Wani direba a Gagarawa Tasha kuwa haushi ya ji. Ya ce wa ya tambaye ni, shi dai iyalinsa su kunna su ga hoto, ko na bara ne ina ruwansa. Na ce in yana so in ware masa tsofaffin a lamba ta daban, kowa ya san tsoho yake kallo. Ya ce ba ya son dogon Turanci. Shi da wasu gidaje suka koma wajenku, don naku ba ya yin baƙi. Ban san me kuke sakawa a layi na bakwai ba, kuma ban tambaya ba. Wayata ta dawo da ƙara, ni na koma turin babur.

Labarin rasuwar Malam Isufu a tashar Gumel na ji shi. Bayan sadakar bakwai da 'yan kwanaki suka dawo, Alhaji ya aiko a ce Inna tana nemana. Na je da hantsi. Ya amsa gaisuwata da ta'aziyyata a taƙaice, ya nuna mini ƙofa da haɓa.

Tana kwance a kan katifa, an tokare ta da matasai. Tafiyar ta ci rabinta. Na yi mata gaisuwa, ta amsa yadda ake amsawa. Sannan ta ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Ta ce ta same shi da rai. Idonsa a buɗe, amma baki ya rufe tun ranar Talata, kwana huɗu kafin ta iso. Ta zauna kusa da shi daren Asabar da yinin Lahadi, Litinin da hantsi ya cika. Ta yi ta kiran sunansa, irin wanda take kiransa yana goye. Mamman ya ce ya gane ta. Ita ta ce ba ta sani ba, Mamman mai cewa da sauƙi ne.

Ta ja carbi kaɗan.

"An ce wancan ya gaya maka ciwon a kasuwa, Alhamis ɗin da ta wuce waccan."

Na ce ya gaya mini.

"A ranar ka san abin da akwatinka yake yi?"

Na ce, "Na yi zato, Hajiya."

"Daga kasuwa zuwa nan, tafiyar me ce?"

Na ce ba nisa.

Ta ɗaga hannu ta lanƙwasa yatsu a hankali. Ta ce da na duba a ranar, da Juma'a za ta tashi, ta kwana can. Asabar, Lahadi, Litinin. Yatsu uku, kwana uku ke nan kafin bakinsa ya rufe. Ta ce akwai abin da take son tambayarsa game da uwarsu, shi kaɗai ya rage da zai sani. Ba ta faɗi ko mene ne ba. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, in kwashe kayana, ɗakin ya yi mata ƙunci.

Na kwance wayar bayan talabijin, na naɗe. Da na kai bakin ƙofa na tsaya. Na ce mata karatunsa na kusan shekara yana nan cikin rumbu, babu wanda ya ɓace. In tana so in bar mata su, ta riƙa gani duk lokacin da ta ga dama.

Ta ce, "Na gan su. Wasu sau biyu."

Na fita na jingina tsani, na hau na sauke eriyar.